Stardew Valley, Rune Factory 4 Special ko Harvestella: wanne za ka saya, wanne za ka iya kaiwa ƙarshe?

Wasannin bidiyo da suka haɗa noma da yaƙar dodanni suna da kama da juna idan a hoton talla ka gan su: ga gona, ga takobi, ga ƙauye mai mutane masu fara'a. Sai ka zuba musu awa ashirin za ka gane cewa kowanne da inda ya sa gaba. Tushensu ɗaya ne, wato Harvest Moon da ya fito a Japan a 1996, wanda noma da kiwo kawai ake yi a cikinsa. A 2006 aka fitar da Rune Factory na farko, aka ba manomin takobi. Daga nan hanya ta rabu.

Uku ne mutane suka fi rasa wanda za su ɗauka a cikinsu: Stardew Valley, Rune Factory 4 Special da Harvestella. Kafin ka kashe kuɗinka, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce abin da kake nufi da "na gama wasan". Wani so yake ya ga ƙarshen labari ya ajiye. Wani so yake ya mayar da kango gona mai albarka. Wani kuma yana son ya ga kabewar da ya shuka ta taimake shi kayar da dodo. Kowane ɗaya daga cikin ukun ɗaya daga cikin waɗannan buƙatun yake biya sosai, sauran biyun kuma rabi da rabi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko farashi da na'ura: nawa ne, kuma abin da ke hannunka zai ɗauke shi? Na biyu zurfin noman. Na uku yaƙi, da yadda yake da alaƙa da gonar. Na huɗu sauƙin shiga ga wanda bai saba ba. Na biyar ƙarko, wato awa nawa zai riƙe ka kafin ya gundure ka, da kuma irin ƙarshen da yake da shi. Na shida haɗari: abin da kan sa mutum ya yi asarar aikinsa ko ya watsar da wasan a tsakiya. Farashin da za a ambata na dalar Amurka ne a shagunan intanet na asali, ba tare da rangwame ba, kuma yakan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Stardew Valley

Mutum ɗaya ne ya gina shi, Eric Barone, daga zane har kiɗa, ya fitar da shi a Fabrairun 2016. Dala 14.99 ne a kwamfuta, dala 4.99 a waya. A cikin ukun shi kaɗai ne ke kan Android da iPhone, ba talla a ciki, ba a sayar maka da komai bayan ka saya, kuma ba ya buƙatar data bayan an sauke shi. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma tana ɗaukarsa. An ci gaba da ƙara masa abubuwa kyauta: a 2020 aka ƙara tsibirin Ginger, a 2024 aka yi babban ƙari na 1.6.

Ka gaji gonar kakanka a gefen garin Pelican, an ba ka kuɗin wasa 500 da irin fasnif 15, wata saiwa mai kama da farin karas. Shekara tana da yanayi huɗu, bazara, rani, kaka da hunturu, kowanne kwana 28. Nan ne sabon shiga yake fara cin tuntuɓe, domin mafi yawan shuka tana mutuwa ranar da yanayi ya juya. Farin kabeji yana ɗaukar kwana 12, irinsa 80 ne, ana sayar da shi 175. Idan ka shuka shi bayan ranar 16 ga bazara, ka yi asarar irin da ban ruwan duka. Shukarka kuma da zarar ta wuce 15, hankaki suna sauka, sai ka kafa mutum-mutumi.

Abin da ke tafiyar da watannin farko shi ne ƙarfin jiki. Kana farawa da maki 270, kowane sara da kowane ban ruwa yana ci. Wanda ya shuka fili babba tun makon farko zai ga hantsi bai yi ba ƙarfinsa ya ƙare. Mafita ita ce na'urar fesa ruwa. Ƙaramar tana shayar da gurbi 4, matsakaiciya 8, babbar 24. Matsakaiciyar ce ke sauya rayuwar gonar, amma sai ka kai mataki na 6 a noma, kuma tana cin sandar ƙarfe ɗaya, sandar zinariya ɗaya da tataccen farin dutse ɗaya. Zinariya kuwa sai daga hawa na 80 na ramin ma'adinai take yawa. Ta nan ne wasan yake tura manomi cikin rami.

Ramin yana da hawa 120, kana sauka ƙasa, kuma kowane hawa biyar akwai lif da ke riƙe maka inda ka kai. Tagulla tana sama, ƙarfe daga wajen hawa na 41, zinariya can ƙasa. Yaƙin kansa mai sauƙi ne ƙwarai: sara, karewa, cin abinci idan jini ya ragu. Babu sihirin da za ka koya, babu abokan tafiya daga mutanen gari, babu manyan dodanni masu labari. Wanda ya zo neman yaƙi zai ji yunwarsa ba ta tafi ba, ko da ya isa kogon hamada mai wuya.

Wata dabara da ta cancanci a sani: maƙeri yana riƙe kayan aiki kwana biyu idan ka kai gyara, matakin tagulla kuma kuɗi 2,000 ne da sanduna biyar. Kada ka kai butar ban ruwa sai ka duba talabijin ka ga gobe za a yi ruwan sama. Ka shayar da gonar da safe, ka kai butar, gobe sama ta yi maka aikin, jibi ka karɓo.

Ƙarshensa fa? Babu ƙarshe irin na labari. Akwai maƙasudai uku da mutane ke ɗauka a matsayin gamawa. Na ɗaya gyara tsohon zauren gari ta hanyar kai amfanin gona, kifi da ma'adinai kashi-kashi, ko kuma biyan kamfanin Joja kuɗi ya yi ayyukan. Na biyu hukuncin da marigayi kakanka ke yanke wa gonar a farkon shekara ta uku, inda kyandir huɗu ke nuna ka yi abin kirki. Na uku cika komai ɗari bisa ɗari, wanda yake cin awoyi masu yawan gaske. Rana ɗaya cikakkiya kusan minti 14 ce, shekara kwana 112, don haka shekara biyu za su ci maka wajen awa 50.

Haɗarinsa guda biyu ne. A kwamfuta da na'urorin gem, wasan ba ya adana aikinka sai ka kwanta barci a ƙarshen rana. Idan aka ɗauke wuta kana ƙarfe goma na dare a cikin wasan, duk abin da ka yi tun asuba ya tafi. Na waya ya fi sauƙi a nan, yana iya mayar da kai kusa da inda ka tsaya. Na biyu shi ne jiran shekara: wasu kifaye sai a yanayi kaza, cikin ruwan sama, a kogi. Idan ka kuskure, sai baɗi. Jan kabeji ya yi suna a kan wannan, domin shagon gari ba ya kawo irinsa sai shekara ta biyu. Akwai zaɓi a farkon wasa da ke tabbatar da cewa za a iya gama zauren a shekara ɗaya, ka kunna shi.

Rune Factory 4 Special

Asalinsa na Nintendo 3DS ne, wata ƙaramar na'urar gem ta hannu, ya fito a Japan a 2012, kamfanin Neverland ya gina shi, Marvelous ya buga. Wanda aka sabunta, Special, ya iso Switch, na'urar gem ta Nintendo, a ƙasashen Yamma a Fabrairun 2020, sannan kwamfuta, PS4 da Xbox One a Disambar 2021. Dala 29.99 ne a Steam, shagon intanet na wasannin kwamfuta. Zanensa ya nuna shekarunsa, kuma ba ya wahalar da kwamfuta. Ya fi daɗi da hannun gem fiye da madannai.

Ka faɗo daga jirgin sama a kan wata katuwar diragon mai suna Ventuswill, ka manta ko kai wane ne, mutanen garin Selphia suka ɗauke ka a matsayin yarima ko gimbiya. Da makin da kake tarawa ta hanyar yi wa jama'a hidima kake ba da umarni: a faɗaɗa gona, a ƙara girman jaka, a kafa sabon biki, a ba ka lasisin ƙira ko girki.

A nan noma da yaƙi suke cin gajiyar juna fiye da ko'ina, kuma wannan ne dalilin da ya sa, a ganina, shi ne ya fi cika sunan wasan noma da yaƙi. Ma'aunin ƙarfi ɗaya ne, RP, ke ciyar da fartanya, guduma, girki da sihiri. Idan ya ƙare, aikin sai ya fara cin jininka. Komai kuma yana da mataki: tafiya, barci, wanka, cin abinci, noma, duk suna ƙara maka ƙarfi a hankali. Manomin da ya yi wata guda yana huɗa zai shiga kogo da ƙarfin da bai san ya tara ba.

Ƙasar gonar tana da rai. Kowane gurbi yana da lafiyarsa, kuma duk girbi yana rage ta. Idan ta kai ƙasa, shuka sai ta riƙa bushewa ba tare da ka san dalili ba. Maganinsa a ajiye busasshiyar ciyawa ko masara a kan gurbin, a bi ta da fartanya, ta zama taki. Iri ma yana da mataki daga 1 zuwa 10. Idan ka yanke nunanniyar shuka da lauje maimakon ka cire ta da hannu, za ka sami iri mai matakin da ya fi na da. Ka sayar da irin nan ta akwatin kaya, daga nan shago zai riƙa sayar maka da mai wannan matakin. Shukar da ba lokacinta ba ba ta mutuwa kamar a Stardew, jinkiri kawai take yi. Abin da ke ɓarna shi ne guguwa, wadda kan share rabin gona a dare ɗaya ta bar duwatsu da kututture, sai dai akwai hodar da ake zubawa don ƙara wa ƙasa juriya.

Dodannin da kake yaƙa za ka iya lallashinsu da kyauta su biyo ka gida. Ka gina musu garke, ka ba su harawa, ka riƙa taje su. Wasu suna ba da madara, wasu ƙwai, wasu ulu. Idan sun saba da kai, ka ɗora su a kan ban ruwa da share gona, ko ka tafi da biyu daga cikinsu fagen fama. Mutanen gari ma suna rakiya, ka ba su makami su riƙe.

Yaƙin yana da sauri. Akwai gajeren takobi, dogon takobi, mashi, gatari, guduma, takubba biyu, safar dambe da sandar sihiri, kowanne da salon saransa. Amma gaskiyar wasan tana maƙera. Kayan shago ba za su kai ka nesa ba. Kana koyon sabon ƙira ne ta cin wani burodi na musamman da ake sayarwa a gidan abincin gari, kuma ba zai koya maka komai ba sai matakinka ya kai. Kowane makami ana ƙarfafa shi sau tara har mataki na 10, da abin da ka zuba a ciki: ƙahon dodo, ma'adini, ko kayan gona. Kuskuren da ake yawan yi shi ne maimaita abu ɗaya, alhali amfaninsa yana raguwa duk lokacin da aka sake sa shi. Ka bambanta kayan. Kuskure na biyu shi ne watsi da ƙira har sai an kai kashi na biyu na labari, inda dodo ɗaya zai kwantar da kai da bugu biyu, ka farka a asibitin gari an caje ka kuɗi mai zafi. Tun farko ka riƙa ƙera ƙananan abubuwa kowace rana da ragowar RP kafin ka kwanta.

Labarin kashi uku ne. Na farko yana bi ta dajin Yokmir, kangon ruwa, gidan Obsidian da hasumiyar Leon Karnak. Na biyu rikici ne da daular Sechs. Bayansa sunayen waɗanda suka yi wasan suna wucewa a allo, mutane da yawa sai su ɗauka an gama, alhali akwai na uku, Rune Prana, wanda shi ne ke rufe labarin da gaske, kuma shi ya fi kowanne wuya. A na 3DS sai an yi sa'a wani taron gari ya faɗo kafin ya buɗe, har wasu su yi shekarar wasa suna jira. A Special an sauƙaƙa wannan. Abin da ba a gyara ba shi ne aure: kafin ka auri ɗaya daga cikin mutum shida da aka ware wa jinsin da ka zaɓa, sai wasu tarukan gari sun faru, su kuma ba su da ranar zuwa. Wannan yana cin rai, kuma shi ne babban aibin wasan.

Sauƙin shiga matsakaici ne. Awa biyu na farko surutu ne da koyarwa, bayan haka kuma wasan yana barin abubuwa da yawa ba bayani. Amma yana da sassauci ta wani gefen: kana adana wasa duk lokacin da ka so a littafin da ke ɗakinka ko a wuraren adanawa na cikin kogo, akwai sihirin komawa gida kyauta, ba a tilasta maka barci da ƙarfe kaza, kuma ana iya sauya matakin wahala. Wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas zai ji daɗin wannan. Kai labarin ƙarshen kashi na uku aikin awa 60 ne zuwa sama, bayansa kuma ga kogon Sharance ga masu son ƙari.

Harvestella

Square Enix ne ya fitar da shi ranar 4 ga Nuwamba 2022, a Switch da kwamfuta kawai, a kan dala 59.99. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya fi buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, shi kuma ya fi cin data wajen saukewa. A Switch hoton yana ɗan dushewa, musamman idan a hannu kake riƙe da na'urar.

Duniyarsa tana da manyan duwatsun lu'ulu'u huɗu, Seaslight, masu juya yanayi. Tsakanin kowane yanayi mai kwana 30 da na gaba akwai rana ɗaya ta mutuwa, Quietus, da ƙura mai kisa ke sauka, kowa ya kulle ƙofa. Ka farka a kusa da ƙauyen Lethe, aka ba ka gida a kan tudu, sai ga wata yarinya, Aria, da ta ce daga wani zamani mai zuwa ta fito. Daga nan kake zagaya Nemea, Shatolla ta bakin teku, da birnin ibada na Argene. Labarin yana farawa kamar tatsuniya, ya rikiɗe ya koma wani abu mai nauyi game da makomar ɗan Adam. Kiɗan Go Shiina yana daga cikin abubuwan da suka fi tsayawa a rai.

Kashi bakwai cikin goma na wasan labari ne da kogo. Gonar tana nan don ta ciyar da tafiyar: da safe ka yi minti biyu ko uku kana shuka da girbi, ka cika jaka da abinci da lemo, ka fita. Babu matakin iri, babu lafiyar ƙasa. Akwai filin gida, daga baya a buɗe na bakin ruwa da na cikin kogo, dabbobin kiwo iri biyu ne kacal. Babu bukukuwan gari, ba a bin mutane da kyauta don a saba. A maimakon haka kowane abokin tafiya yana da nasa labarin da ake bi mataki-mataki, kuma rubutun waɗannan labaran ya fi na sauran wasannin biyu taɓa zuciya. Zaɓen abokin zama sai bayan an gama labari.

A yaƙi akwai sana'o'i 12, wato salon faɗa daban-daban, kana ɗaukar uku a lokaci guda kana sauyawa, don ka dace da raunin abokin gaba, wuta ko ƙanƙara, sara ko suka. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne babu maɓallin kauce wa hari ko karewa irin wanda aka saba da shi, sai dai ka fita daga jan da'irar da ke nuna inda bugu zai sauka. Saboda haka yaƙin yana da ɗan nauyin jiki, kuma nasara ta fi dogara ga shiri. Abinci yana cika ciki, idan ya cika ba za ka ƙara ci ba, amma abin sha ba ya cikawa, don haka injin matse 'ya'yan itace yana cikin abubuwan farko da ya kamata ka haɗa. Agogo ma yana matsa maka: ƙarfe goma na dare barci ya fara kama ka, sha biyu ka faɗi, a caje ka kuɗin likita. Kogo ɗaya yakan ci kwana uku ko huɗu, shi ya sa ake tafiya da kayan gyara don a gyara tsani da gada, gobe a yanke hanya.

Yana da ƙarshe na gaske, a kusan awa 50 zuwa 60, kuma ƙarshen ya biya wahalar. Bayan nan abin da zai dawo da kai kaɗan ne. Haɗarinsa shi ne awoyin farko suna tafiya a hankali, muryoyin 'yan wasa kaɗan ne, karatu ne mai yawa, kuma wanda ya saye shi da niyyar noma zai ji an sayar masa da abin da bai nema ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Stardew Valley | Rune Factory 4 Special | Harvestella |
|---|---|---|---|
| Farashi | $14.99, waya $4.99 | $29.99 a Steam | $59.99 |
| Na'ura | Waya, kwamfuta, Switch, PS4, Xbox | Kwamfuta, Switch, PS4, Xbox | Kwamfuta, Switch |
| Kwanakin yanayi | 28 | 30 | 30 da ranar Quietus |
| Zurfin noma | Mai yawa, tsari da lissafi | Mai yawa, ƙasa da iri | Kaɗan |
| Yaƙi | Mai sauƙi | Mai sauri, ya dogara ga ƙira | Matsakaici, sana'o'i 12 |
| Labari | Ɗan kaɗan | Kashi uku | Shi ne ginshiƙi |
| Adana wasa | Sai an kwanta | Kusan kowane lokaci | Wuraren adanawa da barci |
| Wasa da abokai | Akwai | Babu | Babu |
| Ƙarko bayan gamawa | Mai tsawo ƙwarai | Mai tsawo | Gajere |

Abubuwan da suka shafi ukun duka

Babu ɗaya da aka fassara zuwa Hausa. Dukansu suna da Ingilishi da Faransanci, wanda zai yi wa 'yan Nijar, Kamaru da Chadi amfani. Stardew za a iya lallaɓawa da ɗan Turanci kaɗan, Harvestella kuwa idan ba a bin rubutu an rasa mafi kyawun abin da ke cikinsa.

Iyaye da masu saya wa ƙanne su san abin da ke ciki. A Stardew akwai mashaya a gari, akwai gidan caca a hamada, ana kiwon alade, kuma hanyar samun kuɗi da ta fi shahara ita ce zuba 'ya'yan itace a ganga su zama giya. Babu wanda aka wajabta don a ji daɗin wasan: ganga ɗaya tana yin ruwan kayan lambu da kofi, ga cuku, zuma da jam, kuma gona tana tsayawa da ƙafarta a kansu. Wasan kuma bai ƙayyade jinsin wanda za a aura ba, auren ma zaɓi ne. Rune Factory da Harvestella suna cike da sihiri, aljanu da alloli na ƙage. A Turai dukansu ukun an sa musu alamar shekara 12 zuwa sama.

Wajen saye, Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga awa biyu ba. Awa biyu sun isa ka gane ko kwamfutarka tana ɗaukar wasan, amma ba su isa ka gane halin Rune Factory ko Harvestella ba, tunda dukansu suna jinkirin buɗewa. Manyan rangwamen Steam suna zuwa a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma Harvestella ya cancanci a jira masa su. A waya kuma a guji kwafin Stardew na kyauta da ke yawo a shafuka: sau da yawa tsohon zubi ne, wani lokaci da ƙwayar cuta a ciki, kuma ajiyar wasanka tana iya lalacewa.

Wanda ke tunanin Rune Factory 5 maimakon na 4 ya sani cewa an mayar da shi cikakken zane mai zurfi, wato 3D, amma a Switch yana sarƙewa, musamman a gona da lokacin fita daga gida. A kwamfuta, inda ya fito a Yulin 2022, ya fi santsi. Tsarinsa kusan na 4 ne, garinsa kuma bai kai Selphia rai ba. Rune Factory: Guardians of Azuma na Yunin 2025 ya karkata ga gina ƙauyuka da ɗora mutane a kan aiki, wani abu ne daban.

Wa ya dace da wanne

Idan waya ce kawai a hannunka, ko kuɗin da ka ware bai kai dala goma ba, zancen ya ƙare a Stardew Valley, kuma ba ka yi asara ba. Shi ne kuma na mai son zana gonarsa da kansa, ya lissafa ribar kowane gurbi, ko ya yi noma tare da 'yan uwa a gona ɗaya, ko mai minti ashirin kawai a rana.

Idan abin da ya jawo ka shi ne haɗuwar fartanya da takobi, kana son ka ga irin da ka inganta da dodon da ka kiwata sun bi ka har gaban babban abokin gaba, ka ɗauki Rune Factory 4 Special. Sharaɗinsa ka jure tsohon zane, ka riƙe maƙera tun makon farko, kuma kada ka ajiye shi kafin Rune Prana.

Idan kai mai bin labari ne, ka saba da wasannin Japan masu dogon zance, kana son ranar da za ka ga ƙarshe ka rufe, gona kuma ta zama wurin hutawa tsakanin kogo da kogo, Harvestella ne naka, a lokacin rangwame, a kwamfuta idan tana da ƙarfi.

Wanda bai taɓa buga irin waɗannan ba kuma yana da kwamfuta, ya fara da Stardew ya yi shekarar wasa ɗaya. Idan ya ga ranakun rami sun fi masa daɗi fiye da ranakun gona, Rune Factory 4 ne mataki na gaba. Idan kuma abin da ya dame shi shi ne rashin labarin da zai ja shi gaba, ya nufi Harvestella.